Tambayoyinku Kan Tattalin Arziki: Wa Ke Yi Wa Ƙasa Ciniki a Teburin Duniya?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata kusan duk kan abu ɗaya suke: harajin da Amurka ke ɗora wa kayan ƙasashe, da tsohuwar gardamar nan ta a buɗe iyaka ko a rufe. Na ɗauki huɗu daga ciki, na taƙaita su don fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da yadi da shadda. Tun da Shugaba Trump ya ƙara wa kayan ƙasashe haraji nake jin rediyo na ambaton wani wai shi Wakilin Ciniki na Amurka. Minista ne ko jakada? Kuma me ya hana ministan harkokin wajensu ya yi wannan aiki? — Wani Alhaji daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Duka biyun ne. Yana riƙe da matsayin jakada, kuma yana da kujera a majalisar ministocin shugaban ƙasa. Ofishinsa na ƙarƙashin fadar shugaban kai tsaye, ma'aikatansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, galibi lauyoyi da masana tattalin arziki, kuma suna da reshe a birnin Geneva, inda hedikwatar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, take. Wanda Trump ya naɗa a 2025 sunansa Jamieson Greer.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, don amsarta ita ce tarihin ofishin gaba ɗaya. Tsarin mulkin Amurka majalisar dokoki ya ba ikon yanka kuɗin fito, bai ba shugaban ƙasa ba. Sama da shekara ɗari 'yan majalisa ne ke zama su yanka wa kowane kaya nasa, ɗaya bayan ɗaya. Mai wakiltar manoman rake ya ce wa mai wakiltar masu narka ƙarfe, goya min baya in goya maka, haraji ya yi ta hawa. A haka aka kai 1930, aka yi dokar Smoot-Hawley, wadda ta ƙara haraji kan kaya fiye da 20,000. Masana tattalin arziki sama da 1,000 suka rattaba hannu a takardar roƙon Shugaba Hoover ya ƙi amincewa da ita, bai saurare su ba. Kanada ta rama, ƙasashen Turai suka rama. Tsakanin 1929 da 1934 darajar cinikin duniya ta zube da kusan kashi biyu cikin uku. Dama tattalin arzikin duniya ya riga ya durƙushe kafin dokar, amma ita ta ƙara rura wutar.

Daga wannan wahala ne majalisa ta yarda a 1934 ta ara wa shugaban ƙasa ikon rage haraji har zuwa rabi, muddin ƙasar da ake ciniki da ita za ta rage nata. Wanda ya tsaya kan wannan doka shi ne sakataren harkokin waje Cordell Hull, mutumin da ya yi imani cewa ƙasashen da suka toshe wa juna kasuwa ƙarshenta bindiga suke ɗaukar wa juna. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, ƙasashe 23 suka ƙulla yarjejeniyar rage kuɗin fito da ake kira GATT a Geneva, Najeriya kuma ta shiga a shekarar da ta samu 'yancin kai, 1960. Duk tsawon wannan lokaci ma'aikatar harkokin waje ce ke yi wa Amurka ciniki, kamar yadda ka yi tsammani.

To amma lokacin yaƙin cacar baka ne. Abin da ke gaban jami'an diflomasiyya shi ne kada Japan da Yammacin Turai su faɗa hannun Tarayyar Sobiyat, saboda haka buɗe musu kasuwar Amurka bai yi musu tsada ba. Masu masana'antu da manoma suka fara ƙorafi cewa ana kyauta da gumin su don a sayi abota. Kuma ka san waɗanda suka fi kowa ɗaga murya? Masu masaƙa ne, 'yan sana'arka, na jihohin kudu irin su Carolina ta Arewa da ta Kudu, waɗanda yadin auduga na Japan mai araha ya hana barci. Kai ka fi ni sani, Alhaji, cewa in za ka aiki dillali ya sayar maka da dila, ba ka ɗaukar wanda hankalinsa ke wajen ƙulla zumunci da mai saye.

Da Shugaba Kennedy ya zo neman ƙarin iko a 1962 don ya tattauna da ƙasashen Turai shida da suka haɗe kasuwarsu, sai Wilbur Mills, shugaban kwamitin haraji na majalisar wakilai, da abokansa suka gindaya sharaɗi: a cire jagorancin tattaunawar daga ma'aikatar harkokin waje, a naɗa wakili na musamman da zai riƙa sauraron 'yan gida. Kennedy ya yarda, ya naɗa Christian Herter, ɗan jam'iyyar adawa ta Republican, don ɓangarorin biyu su amince da shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kafin dokar ta wuce, sai da Kennedy ya samo wa masu masaƙa wata yarjejeniya ta daban da ta ƙayyade yawan yadin auduga da ƙasashe masu tasowa za su shigar. Wannan ƙayyadewa ce ta girma ta zama yarjejeniyar tufafi ta 1974, kuma ba a kawar da ita ba sai 1 ga Janairun 2005. Wato ƙasar da ke jagorantar kiran a buɗe kasuwa ta yi sama da shekara arba'in tana kare masaƙunta. Ina son duk mai sayar da yadi a ƙasar nan ya san wannan.

Zagayen tattaunawar GATT da aka sa wa sunan Kennedy, daga 1964 zuwa 1967, ya rage harajin kayan masana'antu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Dokar ciniki da majalisa ta yi a 1974 kuwa ita ta ba ofishin haƙora. Ta tanadi cewa in wakili ya kawo yarjejeniya, majalisa ta ce i ko a'a ba tare da gyara ba, don ƙasashe su yarda cewa abin da suka sa wa hannu shi zai tabbata. Ta kawo sashe na 301, wanda ya ba Amurka damar hukunta duk ƙasar da ta ga tana cutar da cinikinta. Sannan, kuma wannan ne ya fi burge ni, ta kafa kwamitocin shawara na ɗaruruwan mutane daga masana'antu, gonaki da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda doka ta wajabta a tuntuɓe su. Wakilin Amurka ba ya shiga ɗakin taro sai ya san abin da mai noman waken suya da mai ƙera taya suke so. A 1980 ofishin ya samu sunan da kake ji yanzu.

Mutum biyu daga cikin waɗanda suka riƙe kujerar sun isa su nuna maka yadda iska ta juya. Charlene Barshefsky, a zamanin Clinton, ita ta kammala yarjejeniya da China a birnin Beijing a Nuwambar 1999, wadda ta share wa China hanyar shiga WTO a Disambar 2001. A lokacin manyan jam'iyyun biyu sun yarda cewa buɗe kasuwa alheri ne, duk da cewa mako biyu bayan yarjejeniyar Beijing dubban 'yan ƙwadago da masu fafutuka sun tarwatsa taron WTO a Seattle. Shi kuwa Robert Lighthizer ɗan wani garin tashar jiragen ruwa ne a jihar Ohio da ya mutu tare da masana'antunsa, ya yi mataimakin wakili a zamanin Reagan, lokacin da ake matsa wa Japan kan ƙarfe da motoci, sannan ya shafe shekaru yana lauyan kamfanonin ƙarfe. Da Trump ya ba shi kujerar a 2017, sai ya zaro sashe na 301 ya ɗora wa kayan China na ɗaruruwan biliyoyin dala haraji tun daga 2018. Katherine Tai da Biden ya naɗa ba ta cire harajin ba, a 2024 ma gwamnatinsu ta kai na motocin lantarkin China kashi 100. A Afrilun 2025 Trump ya yanka wa kayan Najeriya kashi 14, daga baya ya koma 15, amma ɗanyen mai, wanda shi ne mafi yawan abin da muke sayar musu, ba ya ciki.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun tattalin arziki a Zariya. A aji an koya mana cewa ciniki maras shinge kowa yake amfana. Amma mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri, aka rufe ta, har ya rasu bai sake samun aikin albashi ba. Littafi ne ya yi ƙarya ko kuwa? — Wata ɗaliba daga Kaduna

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa aljanna ce makomarsa. Na daɗe ina riƙe da wasiƙarki kafin in iya amsawa.

Littafin bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Lissafin da David Ricardo ya kawo a 1817 yana nan daram: ko da ƙasa ɗaya ta fi ɗaya iya yin komai, su biyun za su ƙaru in kowace ta mai da hankali kan abin da ta fi sauƙin yi, su yi musaya. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne jimillar dukiyar ƙasa za ta ƙaru. Bai ce kowane gida zai ƙaru ba. Ya ɗauka cewa wanda masaƙarsa ta rufe zai koma wata sana'ar da ta bunƙasa, kuma waɗanda suka ci riba za su iya rama wa waɗanda suka yi asara. Mace miliyan goma ta samu atamfa da rangwame, wannan riba ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma ribar ta watsu kaɗan-kaɗan a hannun jama'a, asarar kuwa ta taru ta faɗa kan gidaje irin naku, kuma babu wanda ya rama muku.

Amurkawa ma sai da ta same su suka gane. Ma'aikatan masana'antunsu sun kai kusan miliyan 17 a 2000, zuwa 2010 ba su kai miliyan 12 ba. Injuna da rikicin bankuna na 2008 na da nasu kason, amma binciken masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa ya ɗora wajen ayyukan masana'anta miliyan ɗaya kan shigowar kayan China. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne mutanen ba su tashi sun koma wani gari ba kamar yadda ake zato. Sun zauna a garuruwansu na masaƙa da kujeru, albashi ya faɗi, garuruwan suka yi shekaru ba su farfaɗo ba. Wanda ya ratsa Kakuri da Makera bayan an rufe masaƙu ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Ki kuma duba yadda masu arzikin yau suka yi arzikinsu. Ingila ta yi dokoki a 1700 da 1721 da suka hana shigo da yadin auduga mai zane na Indiya, a lokacin da masaƙan Indiya suka fi na kowa. Sai da injunan Manchester suka gagari duniya sannan Richard Cobden, shi kansa mai buga zane a yadi, ya jagoranci gwagwarmayar soke harajin hatsi, aka soke a 1846, don ma'aikata su samu burodi mai araha, kayan Ingila kuma su samu kasuwa a waje. A Amurka sakataren kuɗi Alexander Hamilton ya rubuta wa majalisa tun 1791 cewa masana'antar da ke rarrafe sai an kare ta, kuma bayan yaƙin basasarsu sun yi shekaru da dama harajinsu na kai kashi 40 ko fiye. Koriya ta Kudu ta kare kamfanoninta a zamanin Park Chung-hee, amma da sharaɗi mai tsanani: wanda bai iya sayar da kayansa a kasuwar waje ba, a janye masa rance da gata.

Wannan sharaɗin ne ya sa ba zan ce miki da an rufe iyaka da mahaifinki bai rasa aiki ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, a zamanin Sardauna, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, har sana'ar ta zama ta fi kowace masana'anta ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Ni a ƙasar Funtuwa na tashi. Na ga lokacin da ake raba wa manoma irin auduga kyauta, na ga kasuwar auduga da kaka, malamai na duba tsabtarta su raba ta daraja-daraja kafin ta hau sikeli, manyan motoci na jerin gwano zuwa injin gurza. A 1986, ƙarƙashin shirin SAP, aka rushe hukumar auduga tare da sauran hukumomin amfanin gona. Hukumar na da laifuffukanta, don ta daɗe tana danne wa manomi farashi, amma da aka rushe ta ba a kafa komai a gurbinta ba. Iri ya gauraye, aka daina tantancewa, aka koma zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke shiga ya ɓata rini. Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya. A kan wannan rauni aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, sannan kayan China suka kwararo, wasu ɗauke da zanen masaƙunmu da tambarinsu na jabu.

Gwamnatin Obasanjo ta sake haramta shigo da atamfa da wasu yadudduka a farkon shekarun 2000. Me ya faru? Kayan suka riƙa sauka a Kwatano da Lome, su haura Nijar, su tsallako ta Katsina da Daura. 'Yan fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro suka yi kuɗi, gwamnati ta rasa kuɗin fito, UNTL kuma ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, haramcin na nan a takarda. Ra'ayina ke nan, kuma ina faɗarsa da zuciya ɗaya: na yarda a kare masana'anta, amma kariya mai wa'adi, wadda aka haɗa da wuta, da iri mai kyau, da rance, da sharaɗin cewa in wa'adi ya cika sai kaya sun iya gogayya. Mun buɗe ba shiri, mun rufe ba shiri, duka biyun kuma talaka ne ya biya.

Ki ƙara da wannan in za ki yi gardama a aji. A farkon shekarun 2000 Amurka na ba manoman audugarta, kimanin 25,000, tallafin da ya haura dala biliyan 3 a shekara, abin da ya danne farashi a duniya. A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka haɗa kai suka kai kukansu WTO, Shugaba Blaise Compaoré ya je Geneva da kansa, kuma batun audugar na cikin abubuwan da suka wargaza taron WTO na Cancun a Satumbar shekarar. Brazil ce ta kai Amurka ƙara a WTO kan tallafin, ta yi nasara. Maimakon Amurka ta soke tallafin nan take, sai ta riƙa biyan Brazil dala miliyan 147 a shekara daga 2010, ta rufe maganar da dala miliyan 300 a 2014. Manomin Chadi bai samu ko sisi ba. Brazil na da lauyoyin da za su riƙe shari'a shekara da shekaru, da kasuwar da za ta yi barazanar ramuwa da ita, ƙasashen huɗu ba su da ko ɗaya.

TAMBAYA: Malam, mun ji an cire Nijar daga AGOA. Mene ne shi, kuma me muka rasa? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa, AGOA doka ce ta majalisar Amurka da Clinton ya sa wa hannu a Mayun 2000, wadda ta ba kayan ƙasashen Afirka kudu da Sahara damar shiga Amurka ba haraji, aka sabunta ta a 2015 zuwa ƙarshen Satumbar 2025. An cire Nijar daga 1 ga Janairun 2024, bayan juyin mulkin Yulin 2023, tare da Gabon, Uganda da Afirka ta Tsakiya. A zahiri abin da kuka rasa kaɗan ne, don albasar Galmi da wake da dabbobinku kasuwarsu Najeriya ce da Gana da Kwaddibuwa. Rufe iyakar da ECOWAS ta yi bayan juyin mulkin ya fi cutar da Maraɗi nesa ba kusa ba. Ko Najeriya ɗanyen mai ne mafi yawan abin da ta aika ta wannan hanya. Waɗanda suka ci moriya sosai su ne masu ɗinka tufafi irin su Kenya, Lesotho da Madagaska.

Abin lura shi ne AGOA ba yarjejeniya ce da aka zauna aka ƙulla tsakanin ɓangare biyu ba. Ɓangare ɗaya ya bayar, ofishin Wakilin Ciniki na duba cancantar kowace ƙasa duk shekara, kuma ana iya janyewa. Ƙasashen Gabashin Afirka sun shirya a 2016 su hana shigo da gwanjo don su tayar da masaƙunsu. Ruwanda ta ɗaga harajinsa daga santi 20 zuwa dala 2.50 kan kowane kilo. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Amurka ta kai ƙara ofishin wakilin a 2017. Kenya ta janye, Uganda da Tanzaniya suka sassauta, Ruwanda ta tsaya kan bakanta, sai aka dakatar da gatan tufafinta a Yulin 2018. A ganina Ruwanda ba ta yi abin da Ingila da Amurka ba su yi ba a lokacin da suke tasowa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shin Najeriya na da irin wannan ofishi? Kuma tun da 'yar ƙasarmu ce ke shugabancin WTO, me ya sa ba mu ga amfanin ba? — Wani ma'aikacin gwamnati daga Gusau

AMSA: Muna da shi, Malam, amma jiya-jiya aka haife shi. A 2017 aka kafa Ofishin Tattaunawar Ciniki na Najeriya, aka ɗora Ambasada Chiedu Osakwe, wanda ya shafe shekaru a WTO yana kula da shigar sababbin ƙasashe. Kafin nan ma'aikatar ciniki, da ta kuɗi, da ta harkokin waje, da kwastan, da babban banki kowa nasa yake ja. Osakwe ne ya shugabanci zaman wakilan Afirka da ya tsara yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar, AfCFTA. Amma da ranar sa hannu ta zo a Kigali, 21 ga Maris 2018, ƙasashe 44 suka sa, Shugaba Buhari ya fasa tafiya, saboda ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC sun ce ba a tuntuɓe su ba. Ban ga laifinsu ba, kuma ban ga laifin dakatawar ba. Abin da ya dame ni shi ne an bari sai da aka gama rubutu sannan aka tambayi masu abin, alhali tuntuɓar ce ya kamata ta zo farko.

Najeriya ta sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019, a gaban Shugaba Mahamadou Issoufou da ya jagoranci shirin. A watan Agusta muka rufe iyakokin ƙasa saboda shinkafar fasa-ƙwauri, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Injunan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi, wannan gaskiya ne, farashin abinci ma ya tashi, kuma mai tumatir da mai shanu da ba su taɓa buhun shinkafar waje ba sun sha wahala tare da masu laifi. Osakwe ya rasu a Satumbar 2019, ana tsakiyar wannan. Inda na yaba mana shi ne yarjejeniyar buɗe kasuwa ta EPA tsakanin Yammacin Afirka da Tarayyar Turai, wadda aka kammala a 2014: Najeriya ta ƙi sa hannu, gwamnati biyu a jere suka tsaya kan haka, saboda masu masana'antu sun zo da lissafi a hannu.

Game da Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, ta hau kujerar ne 1 ga Maris 2021, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko, bayan Lighthizer ya tare naɗinta a Oktoban 2020 har sai da gwamnatin Biden ta zo. Amma shugabar WTO ba wakiliyar Najeriya ba ce. Ƙasashe 166 ne ke yanke hukunci, kuma da amincewar kowa, ita aikinta ta haɗa su. Ta kuma gaji gida mai rauni, don kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana a naɗa alƙalai. Ƙasar da aka kayar a shari'a yanzu tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa, magana ta tsaya nan. Ƙananan ƙasashe ne wannan ya fi cutarwa.

Wurin da za mu iya yin wani abu da hannunmu shi ne AfCFTA, musamman ƙa'idojin asalin kaya. Na tufafi da na motoci su ne suka fi ba masu tattaunawa wahala, kuma dalilin a fili yake. In aka saƙa farin yadi a China, aka kawo shi wata tashar ruwa a Afirka aka buga masa zane, ya zama ɗan Afirka da zai shiga Kano ba haraji? In aka ce i, manomin auduga na Funtuwa da Gusau da Gombe ba shi da rabo a kasuwar. In aka ce sai an kaɗa zaren an saƙa a nahiyar, teloli da masu ɗinki za su ce ina yadin yake, kuma su ma suna da gaskiya. Irin wannan magana ba ta yankuwa daidai sai manoman auduga, da masu gurza, da sauran masaƙun da ke numfashi, da 'yan Kantin Kwari, da marina sun faɗi lissafinsu kafin wakili ya hau jirgi. In akwai mai karatu da ke aiki a ofishin tattaunawar ko a ma'aikatar ciniki, ina roƙon ya rubuto mana yadda ƙungiya ke miƙa bayaninta da lokacin da ake sauraro, mu buga a wannan shafi a fitowa ta gaba.